Inda Ji Ya Kori Gani

A majami'armu, can baya kusa da ƙofar fita, akwai wani ɗan tebur da ba a tunawa da shi sai ranar da abu ya lalace. A kansa tsohuwar laftof ce, da ɗan akwatin intanet mai cin layin waya, da wayoyi a naɗe an ɗaure su da roba. Mai teburin saurayi ne da bai kai talatin ba. Kowace Lahadi yakan riga masu shara isowa, kuma shi ne na ƙarshen fita. Albarkacinsa tsohuwar da ciwon ƙafa ya zaunar a gida take jin wa'azi, albarkacinsa ɗalibinmu da ke Ingila yake bin waƙoƙin zumuntar mata da Hausa. Na daɗe ina lura da aikinsa. Riƙon kyamararsa da kyau, amma abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake sayen kaya, ko in ce yadda yake ƙin saye.

Abin ya samo asali ne daga 2020. A ƙarshen watan Maris na shekarar aka rufe Kaduna saboda korona, aka hana taro a masallatai da majami'u. Ista ta zo ranar 12 ga Afrilu kowa na kulle a gida, bayan kamar mako biyu azumi ya kama a haka. Fastoci da malaman tafsiri duk suka koma Facebook, wanda tun 2016 ya buɗe wa kowa damar haska bidiyo kai tsaye. Wanda ya kalli abin da aka riƙa haskawa a makonnin farko zai tuna: waya a jingine da kwalbar ruwa, rabin kan mai wa'azi a yanke, murya kamar daga cikin rijiya. Da aka buɗe gari, waɗanda suka saba kallo ba su yarda a daina ba. Sai dattawan ikilisiya suka ware ɗan kuɗi daga baiko, suka aika a kira yaron.

Ina wurin ranar. Ma'aji, dattijo mai son a yi abu a ga an yi, ya ce masa, "Ɗana, faɗi kyamarar da za a saya. Irin babbar nan ta masu bidiyon biki."

Ya rusuna ya ce, "Baba, a yi mini haƙuri, kuɗin nan ba na kyamara ba ne tukuna. A bar ni in fara da sauti."

Ɗakin ya yi tsit. Wani ya ce to ai lasifikoki muna da su har huɗu. Yaron bai yi musu ba. Ya zaro wayarsa, ya kunna musu sujadar makon da ya wuce, ya ce kowa ya rufe ido. Ba a yi minti ɗaya ba Baba Fasto da kansa ya ce a kashe, don bai gane abin da shi kansa yake faɗa ba.

Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a wannan sana'a maganar a juye take. Mai kallo a waya yana iya jure hoto mai hazo har awa biyu in dai yana jin magana tar. In murya ta dagule, ko hoton ya kai na silima kyau, zai goge allo ya wuce. Makirufon waya ko na jikin kyamara yana kwasar duk abin da ke kusa da shi: ƙarar fanka, tarin na kujerar baya, kukan jariri, da amsa-kuwwar da ke dawowa daga rufin kwano. Muryar mai wa'azi ita ce ta ƙarshe da ke iso masa. Maganin shi ne a ɗauko sautin daga tushe, wato daga mikisar da makirufonin majami'a ke shiga, a ja shi da waya zuwa kwamfuta. Abu na farko da yaron ya saya ke nan: doguwar waya mai kyau, da ɗan akwatin da ke karɓar sauti ya miƙa wa laftof ta USB, da abin sauraro mai rufe kunne.

Nan ne gwaninta take, don ja da waya kawai kowa zai iya. Sautin da ke fita daga mikisa ya fi ƙarfin ramin makirufo na waya ko kyamara nesa ba kusa ba, in an zuba shi kai tsaye sai murya ta tsage kamar tsohuwar rediyo. Sannan haɗin da ya yi wa mutanen cikin ɗaki daɗi ba shi ne zai yi wa na gida daɗi ba. A cikin majami'a ganga da tulun da mata ke bugawa ba su buƙatar makirufo, kowa na jin su a ƙirjinsa, don haka mai mikisa ba ya saka su. Na gida kuwa sai ya ji muryar mai ba da waƙa ita kaɗai, tsirara, ba kiɗa ba amshi. Saboda haka yaron ya ware wa masu kallo mafita ta daban a jikin mikisar, ya yi musu nasu haɗin, ya rataya makirufo ɗaya yana fuskantar jama'a don a ji amshi da "amin". Akwai kuma wani ƙugi da ke shiga sauti in mikisa da cajar laftof suna shan wuta daga soket daban-daban, musamman a kan janareta. Ranar da ya fara jin sa, zare cajar kawai ya yi, ƙugin ya ɗauke, ya gane inda gizo ke saƙar. Wani ɗan abu mai raba layin biyu, wanda kuɗinsa bai kai na buhun siminti biyu ba, shi ya kashe maganar.

Bayan sauti sai wuta. A ƙasar da ake ɗauke wuta ana tsakiyar addu'a, tsakanin ɗaukewa da tashin janareta akwai daƙiƙu talatin ko fiye, kuma sun isa su kashe akwatin intanet, haskawa ta yanke, masu kallo su watse. Shi ya sa duk abin da ke kan teburinsa yana da batir nasa: laftof da nata, kyamara da nata, akwatin intanet a kan fawa bank. In wuta ta tafi, ɗaki ya yi duhu, mu na ciki mu yi ta ɗaga murya, amma haskawa ba ta yankewa.

Maganar sabis ma lissafi yake yi mata, kuma lissafin ya cancanci a koya. Kowa na duba saurin saukewa, shi kuwa saurin aikawa yake dubawa, don shi ne ke ɗaukar bidiyo ya fita da shi. Kuma ba ranar Talata yake gwaji ba, ranar da majami'a take wayam. Ranar Lahadi da ƙarfe tara yake yi, lokacin da ɗaruruwan wayoyi ke rataye a kan turken sabis ɗaya. Ya gwada layuka uku a kusurwoyi daban-daban kafin ya tsayar da inda akwatin zai zauna, a kan taga ta gabas. Hoton da yake aikawa mai 720 ne, ba mai 1080 ba. Mai 720 yana tafiya lafiya a kan megabit 3 a daƙiƙa, wato kusan giga 1.35 a awa, sujadar awa uku ta ci giga 4. Mai 1080 yakan nemi ninkin haka. A kan allon Tecno ko Infinix da ke hannun mai kallo bambancin ba ya taka kara ya karya, amma a aljihun ma'aji yana karyawa, balle tun da aka amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025. Na ji wasu manyan majami'u sun koma Starlink, wanda ya shigo Najeriya a 2023. Madalla da mai hali. Mu daidai ruwa daidai tsaki.

Wata shida aka yi ana haskawa da wayar salula a kan ƙafa uku, da sautin mikisa, kuma babu wanda ya yi ƙorafi. Sai da ya ga iyakar wayar sannan ya koma wurin dattawa. Iyakarta kuwa ita ce nisa. Waya ba ta da gilashin da zai zuƙo fuska daga bayan ɗaki, in ka matsa mata sai hoton ya farfashe. In kuma ka kai ta gaba, ka tsaya tsakanin jama'a da bagade kamar wani gunki.

Masu ba da shawara suka yi caa, kowa na cewa a sayi irin kyamarar masu ɗaukar hoton biki, mai gilashin da ake cirewa a sauya. Hotonta da kyau, ba musu. Amma da yawa daga tsofaffin irinta an ƙera su ne su tsaya da ɗauka kafin minti 30, wasu su kashe kansu, wasu su yi zafi, kuma wa'azinmu bai san minti 30 ba. Gilashin zuƙowa kuma kuɗinsa daban. Shi sai ya nemi ƙaramar kamkoda ta hannu, irin su Canon Legria ko Sony Handycam, waɗanda mutane ke rainawa don sun yi kama da kayan wasa. Irin waɗannan suna zuƙo hoto sau talatin da gilashi na gaske, suna aiki awa huɗu a jone da wuta ba gajiya. Tambaya biyu ya yi wa mai shago. Ta farko, in an jona ta da wayar HDMI, hoton yana fita fes ko yana fita da alamar batir da lambobi a kai? Bai yarda da baki ba, sai da aka jona da talabijin ya gani. Ta biyu ita ce ta sa na tabbata yaron ya san abin da yake yi: ta Turai ce ko ta Amurka?

Na ɗauka son iyawa ne, ashe akwai dalili. Wutar Najeriya tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, kamar ta Turai, ta Amurka kuwa sau 60. Ƙwan lantarki yana ƙyaftawa daidai da bugun wutar, idonmu ne ba ya kamawa. Kyamarar da aka ƙera don Amurka in ta shiga ƙarƙashin fitilunmu sai ka ga hoton yana rawa, ko wasu layuka suna gangarowa. Ta Turai ta dace da wutarmu tun daga masana'anta. Mutane nawa ne suka sa dangi suka aiko musu da kyamara daga Amurka, suka yi ta zargin mai ɗauka?

Daga kamkodar, waya ɗaya ke zuwa ɗan abin nan mai kama da filashi da ke mayar da hoton HDMI abin da laftof za ta gane. Manhajar da ke haɗa hoto da sauti da rubutun aya a ƙasan allo ita ce OBS, kuma kyauta ce, ba a biyan ko kwabo. Teburin ma ba da ka aka ajiye shi kusa da kyamara ba: wayar HDMI in ta wuce kamar mita 15 sai ta fara yanke hoto. Ƙafar kyamara ce kaɗai abin da ya ƙi yarda a saya mai araha. Ya ce in ka zuƙo daga nesa, numfashinka ma girgiza ne, kuma ƙafa marar nauyi in yaro ya gifta sai mai wa'azi ya yi tsalle a allo. Araha ba ta ado.

Haske bai ci mana ko sisi ba. Bayan mumbari akwai manyan tagogi biyu, rana na shigowa ta nan, kyamara ta bi hasken ta mayar da fuskar Baba Fasto inuwa, balle in ya sa farar riga. Yaron ya roƙi iyayenmu mata na zumunta labule mai kauri, ya sa aka juyo da fitilu biyu suka fuskanci mumbari. Shi ke nan. A lokacin hunturu kuma kowace na'ura tana komawa jakarta da zarar an tashi, don ƙura ba ta jin roƙo.

Bara wani ɗan'uwa da ya samu buɗi ya yi tayin sayo ATEM Mini, akwatin nan na kamfanin Blackmagic da ya fito a 2019 a kan dala 295, mai karɓar kyamara huɗu a riƙa sauyawa da maɓalli. Na zaci yaron zai yi tsalle. Godiya ya yi, ya ce, "Yaya, kyamara huɗu na son mutum huɗu da za su zo kowace Lahadi, ni kuwa mutum ɗaya nake da shi, shi ma yana jarrabawa. In da hali, a saya mana data ta shekara da batir na biyu." Aka yi haka.

Akwai kuma abin da ba a saye a shago. Ba ya haska fuskar mai kuka a lokacin addu'a. In an zo baiko yakan mayar da kyamara kan mawaƙa, don kada a ga wanda ya saka da wanda ya wuce. Yara ba ya zuƙo su, ƙofofi da wurin ajiye motoci ba sa shiga hotonsa, kuma duk mazaunin Kaduna ya san dalili. Tun da Facebook ya sanar a watan Fabrairun 2025 cewa bidiyon kai tsaye zai riƙa gogewa bayan kwana 30, kowace sujada sai ya ajiye kwafinta a faifai kafin ya naɗe wayoyinsa.

Dattawa da ma'ajin kowace majami'a, da ku 'yan kwamitin masallaci masu shirin haska tafsirin bana, kafin ku sa hannu a takardar sayen kyamara, ku kira yaron da ke zaune a bayan ɗaki, ku karɓi abin sauraronsa ku sa a kunne na minti biyar.