Rana Ba Ta Ƙarya: Masu Dogon Zango Da Matsalar Sa Rana

Mai karatu, in ka yi zamanin kaset, ba sai na tuna maka yadda Bata take cika ranar fitowar sabon fim ba. Tun daga bakin kasuwar Sabon Gari har ka miƙa cikin Fagge, fasta ce manne a jikin shaguna, 'yan tebur da masu shagon haya sai rububi suke yi. Ka sayi kashi na ɗaya ka kai gida, iyali su zauna, daidai inda labari ya ɗau zafi sai a rubuto maka cewa a haɗu a kashi na biyu. Wani na biyun ya fito bayan wata guda, wani bayan shekara, wani kuwa har yau shiru kake ji. To, kaset ya tafi, faifan CD ya bi bayansa, amma wannan ciwo yana nan, sutura kawai ya sauya.

Asalin abin rashin jari ne. Tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, ɗaiɗaikun mutane ne ke tattara ɗan abin hannunsu su yi fim. Furodusa ya buga kwali ya kai wa dillalai, su kuma su gurza fim ɗin a kan kaset su sayar. Kuɗin da na ɗaya ya dawo da shi, da shi ake ƙarasa na biyu. Haka marubutanmu na littattafan soyayya suka riƙa yi, littafi na ɗaya ke biyan kuɗin ɗab'in na biyu. Ka ga ke nan aljihu ne ke sa rana, labari kuma ya bi yadda aka yi da shi.

Da masu tura fim a waya suka durƙusar da kasuwar faifai, sai aka koma masu dogon zango. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, ta saba wa jama'a da kallon mako-mako ta hanyar Daɗin Kowa da Kwana Casa'in. A 2020, shekarar kullen korona, Izzar So na Lawan Ahmad da Labarina na Aminu Saira suka nuna cewa mai zaman kansa ma zai iya tara dubban masu kallo a YouTube. Daga nan kowa ya buɗe tasha. Abin da da yawa suka manta shi ne, sun ɗauko tsarin gidan talbijin na kowane mako, alhali ba su da aljihun gidan talbijin. Ga shi YouTube kuɗin talla take biya gwargwadon kallo, tashar da ta yi shiru kuma nan da nan ake mantawa da ita.

Wannan ya haifar mana da mutum biyu. Na farko mai gaggawa. Shi ya rantse kowace Lahadi ko Juma'a sai ya saki wani abu, ko akwai labari ko babu. Kai ma ka san alamominsa: minti biyar na tuna baya, sai talla, sai mota ta yi hon, maigadi ya buɗe get, a nuna ta shiga, a nuna an rufe, a shiga falo a yi gaisuwa tun daga lafiyar yara har gajiyar jiya. Mutum biyu su zauna su ba juna labarin abin da mu masu kallo muka riga muka gani da idonmu. A ƙarshe wata ta zaro ido, kiɗa ya tashi, sai mako mai zuwa. Na san marubucin ba rago ba ne. Ana lokeshin yana rubuta fitowar gobe, edita kuma yana kwana a kan kwamfuta da ƙarar janareto. Sauri ya haifi nawa, an saki fim a kan lokaci amma labarin bai motsa daga inda yake ba.

Na biyu mai ɓacewa. Shi kuma zai yanke zango a tsakiyar rikici, ya ce za a dawo bayan Sallah, bai kuma ce wace Sallar ba. Kafin ya dawo, yarinyar da ta fito a ɗiya ta girma, jarumar ta yi aure ko ta kama wani aiki. Ko manyan ba su tsira daga wannan ba: masu bin Labarina sun ga yadda Sumayya ta tashi daga Nafisa Abdullahi ta koma Fati Washa. Duk labarin da ya yi tsawon da ya fi haƙurin 'yan wasansa, wannan ce makomarsa. Shi ya sa na yaba da Aminu Saira ya rufe wancan labari ya buɗe sabo da sababbin fuskoki a ƙarƙashin suna ɗaya.

To ina mafita? Abin mamaki, a bakin yaran da ke cika gidajen gem na Fagge da Sabon Gari na fara jin ta. Su ma kullum cikin jira suke, domin wasan gem na zamani ba a gama shi rana ɗaya. Bayan an sayar, masu shi sukan riƙa aiko da gyara da ƙari ta intanet. Kuma a can ma akwai masu zaman kansu irin furodusoshinmu, mutum ɗaya ko 'yan tsiraru, ba babban kamfani a bayansu.

Ɗauki Stardew Valley, wasan noma da kiwo wanda wani Ba'amurke, Eric Barone, ya yi shi kaɗai cikin sama da shekara huɗu, zane da kiɗa da labari duk nasa. Ya fito da shi a Fabrairun 2016. Babban ƙari na 1.5 ya zo a Disambar 2020, na 1.6 kuma sai a Maris na 2024, tazarar sama da shekara uku. Masu kunna shi a waya ma sai a Nuwamba suka samu. Duk da haka jama'a ba su watse ba, an sayi wasan fiye da kwafi miliyan 40. Dalili? Abin da ya ba su tun farko cikakke ne, ƙarin kuma kyauta ne, kamar gyaran da mai awo ke yi maka bayan ya cika mudu.

Ga kuma kishiyarsa. Kamfanin Hello Games na Ingila ya cika duniya da alkawura a kan No Man's Sky, ya sake shi a Agustan 2016 ba tare da wasu abubuwan da aka yi ta zuzutawa ba. Masu saye suka yi musu ca. Sai da suka rage surutu, suka shafe shekaru suna aiko da gyara kyauta, musamman na 2018, kafin mutuncinsu ya dawo.

Sai dai a lura, mai gem yana da damar da ɗan fim ba shi da ita. Shi in ya yi kuskure yau, gobe ya aika gyara. Kai kuwa fitowar da ka saka jiya ta shiga wayar masu turi, ta kai Maraɗi da Agadas, ba mai dawo da ita. Don haka taka-tsantsan ɗinka ya kamata ya fi nasa.

Shawarata ga furodusoshi guda uku ce. A rubuta zango gaba ɗaya, a ɗauke shi, a tace, kafin a saki fitowa ta farko. Wannan ma zai ba da sukunin kai shi gaban Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda a Mayun 2025 ta dakatar da masu dogon zango 22 bisa cewa ba a kai mata su kafin a sake su ba. Na biyu, kowane zango ya warware babban ƙullin da ya ɗaura. In an bar ƙofa a buɗe, ta zama ƙarama. Wanda ya ƙoshi ba ya ƙosawa da jiran tuwon gobe. Na uku, kada a faɗi rana sai aiki yana hannu. Fitowa 10 masu nama sun fi 30 na romo.

Mu ma masu kallo da namu laifin. Mu ne ke cika su da "yaushe za a ci gaba?", in sun gaggauta kuma mu ce fim ya lalace. Mu riƙa yi musu uzuri in sun nemi lokaci, mu kuma riƙe su da kalmarsu in sun sa rana. Rana dai ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Allah ya sa masu abin su ji.