Ɗigon Jini Ɗaya a Gefen Kunnen Mage

Mage ma tana kamuwa da ciwon sukari, musamman wadda ta manyanta ko ta yi ƙiba. Alamominsa irin na mutum ne: yawan shan ruwa, yawan fitsari, ci ba ƙoshi, ga kuma rama. In likitan dabbobi ya tabbatar da ciwon, yawanci allurar insulin ake ɗora ta a kai, safe da dare, awa 12 a tsakani. A Amurka da ƙasashen Turai, masu irin waɗannan maguna da yawa sun koyi auna sukarin da kansu a gida. A duk aikin nasu, abin da ya fi burge ni shi ne mafi ƙanƙanta: yadda suke zaɓen ƴar allurar huda kunne, wadda ake kira lanset.

Awon gida ba iyayi ba ne. Mage matsoraciya ce, da zarar an kai ta asibiti ta ji warin baƙon wuri, firgita kaɗai tana iya ɗaga sukarinta, awon ya ba da lambar da ba ta gaskiya ba. Ga kuma haɗarin yi mata insulin a ranar da sukarin ya riga ya sauka, wanda kan iya kai ta ga farfaɗiya ko halaka. Don haka ake aunawa kafin kowace allura. Huda biyu a rana, huda 730 ke nan a shekara, kuma kwali mai ɗauke da lanset 100 ba zai kai wata biyu ba. Dole mai mage ya yi lissafi.

Farkon abin da gwani ya sani shi ne karatun lambar da ke jikin kwali. Lambar kauri ce, amma a juye take: in ta yi sama, allurar ta ƙara siranta. Mai lamba 33 siririya ce ƙwarai, mai lamba 26 kuwa ta fi ta kauri, ko da yake ita ma ba ta kai rabin milimita ba. Sabon shiga, saboda tausayi, sai ya ɗauko mafi siranta. Ya huda, jini ya ƙi fita, ya sake hudawa, ya matsa kunnen, mage ta fusge ta shige ƙarƙashin gado. Gwani yakan fara da 26 ko 28, ya huda sau ɗaya a wuce wurin. Bayan ƴan makonni, in kunnen ya saba ba da jini, sai ya koma 30. Tausayin da ke tafe da sani ya fi wanda ke tafe da fargaba.

Na biyu shi ne sanin inda kuɗi ke zurarewa. Ba sai lanset ɗin da aka rubuta wa sunan dabbobi ba. Wanda masu ciwon sukari ke saya a kemis don yatsunsu, shi ne dai. Yawancinsu suna shiga kusan kowane alƙalamin huda, wato abin da ake ɗana lanset a ciki, amma wasu alƙaluman, kamar Accu-Chek FastClix, nasu kaɗai suke karɓa, in ka saye su ka ɗaure kanka da farashinsu. A Amurka da yawa sukan nufi ReliOn na kantin Walmart saboda sauƙin kuɗinsa. Wasu ma sukan ajiye alƙalamin gaba ɗaya su riƙe lanset ɗin da yatsu, domin ƙarar ɗanawarsa kusa da kunne tana razana mage. Kuma gwani ya san tsadar gaske ba a lanset take ba, tana ga ƴar takardar gwajin da ake zura wa na'urar awon sukari. Duk hudar da ta ba da guntun jini, takarda guda ce ta tafi a banza. Allurar da ta dace ita ke ceton kuɗin takarda.

Dubi yadda gwana take yi da sassafe. Ta zauna, magen na kan cinyarta. Ta ɗumama ƴar safa da ta cika da shinkafa, ta taɓa a wuyan hannunta, sannan ta ɗora a kunnen har ya yi ɗumi. Ta haska tocila ta bayansa, sai ga siririyar jijiya tana bin gefe kamar jan zare. Ba jijiyar take nema ba, ɗan filin da ke tsakaninta da bakin kunne take so. Ta shafa ɗan basilin don jinin ya dunƙule kada ya bi gashi, ta tokare bayan kunnen da auduga, ta huda sau ɗaya. Ɗigo kamar kan fil ya taso, na'ura irin AlphaTRAK ba ta buƙatar fiye da haka. Ta danne wurin da audugar na ɗan lokaci kada jini ya kwanta, ta rubuta lambar a littafinta don likita, ta miƙa wa magen ƴar tsokar kaza.

Akwai wurin da gwana ba ta yarda ta yi tsimi. Ba ta maimaita lanset, domin bakinsa na dakushewa daga hudar farko, dakusasshe kuwa ya fi zafi, ga datti. Wanda aka gama da shi, cikin roba mai kauri mai murfi take jefa shi, nesa da hannun yara. Araha ba ta ado, in ji Hausawa, amma wadda aka zaɓa da sani tana magani.

Shaidar gwanintar a wurin magen take. Bayan ƴan watanni, da ta ji an buɗe kwalin lanset, da kanta take tsallowa cinya, ta kwanta, ta bar kunnenta a hannun da bai taɓa huda ta sau biyu ba inda sau ɗaya ya isa.