Hestiya da Murhun Yunanawa: Sharhi a kan Ra'ayin Vernant

Duk malamin da ya taɓa koyar da addinin Yunanawan dā ya san wahalar da Hestiya, allahiyar murhu, ta kan jawo masa. Sauran allolinsu kowane da tarin labaru na yaƙi da aure da kishi, ita kuwa labarinta bai cika shafi guda ba. Homa bai sa ta cikin alloli ba, ko a Iliyad ko a Odisi. Hesiyod ya fara da sunanta sa'ad da ya ke lissafa 'ya'yan Kuronos da Riya. Wata tsohuwar waƙar yabon Afrodita ta nuna Fosaidon da Afolo sun nemi aurenta ta ƙi, ta rantse za ta dawwama budurwa, Zeyus kuwa ya saka mata da mazauni a tsakiyar gida. Kusan iyakarsa ke nan.

Wannan ƙarancin labari ya sa waɗansu suka yi masa ciko. Robert Graves, a littafinsa na tatsuniyoyin Yunanawa na 1955, ya ce ta bar wa Diyonisos kujerarta cikin manyan alloli goma sha biyu don a zauna lafiya. Labari ne mai daɗi, amma babu shi a rubutun mutanen dā. Ya kamata malamai su daina ba ɗalibai shi.

Bafaranshen nan Jean-Pierre Vernant ya bi wata hanya dabam a maƙalarsa ta 1963. Ya fara daga abin da Fausaniyas ya rawaito, cewa a gindin gunkin Zeyus na Olimfiya masassaƙi Fidiyas ya jera Hestiya da Hamis wuri guda, alhali ba mata da miji ba ne. Vernant ya ce ma'anar kowannensu ba ta fita sai an dubi ɗayan. Hamis shi ne na bakin ƙofa da hanya da kan iyaka, manzo wanda ba ya zama. Hestiya ita ce cibiya wadda ba ta motsi, har Aflatun ya nuna ita kaɗai ke zama a gida in alloli sun fita. Budurcinta ma ya fassara shi haka: a auren Yunanawa mace ce ke barin gidan ubanta, Hestiya kuwa 'ya ce wadda ba ta taɓa tarewa ba. Lalle wannan babban taimako ne, domin ya nuna rashin labarin shi ne ma'anarta. Wanda bai bar gida ba, ina zai sami labarin hanya?

A nan sai mai karatun Hausa ya yi hattara da kalmar murhu. A wurinmu murhu kayan girki ne. A wurinsu sunan allahiyar shi ne sunan murhun, kuma wurin hadaya ne, har a liyafa da ita a kan fara tsiyayar ruwan inabi, da ita a kan rufe.

Amma fa akwai wurare biyu da ra'ayin Vernant ya ke da rauni. Na farko, ya tattaro shaidu daga zamanai masu nisa da juna, tun daga zagayayyen murhun fādojin zamanin Maisini har zuwa Fausaniyas, tazarar da ta wuce shekara 1,000, sai ka ce tunanin mutane bai sāke ba. Ga shi kuwa masu haƙar kufai sun tarar ba kowane gida na ƙarni na 5 da na 4 kafin haihuwar Annabi Isa ke da ginannen murhu ba. Da yawa kasko su ke amfani da shi, wanda a ke ɗauka daga ɗaki zuwa ɗaki. Murhun da aka fi tabbata da shi shi ne na gari, watau na zauren hukuma inda a ke ciyar da jakadu.

Na biyu, in mun dubi abin da a ke yi a gaban murhu, sai mu ga yawancinsa karɓar baƙo ne. A Atina, kwanaki kaɗan bayan haihuwa a kan zaga murhu da jariri, sa'an nan ya zama ɗan gida. Amarya da sabon bawa a nan a kan zuba musu busasshen ɓaure da 'ya'yan itace. Sa'ad da Temistokilis ya gudu, ya je gidan Admetos, sarkin Molosiyawa, wanda ba ya shiri da shi, ya ɗauki ɗan sarkin ya zauna a murhu, sarki kuwa bai bashe shi ba. Wutar ma ta kan yi tafiya. Masu fita kafa sabon gari su kan ɗebi wuta daga murhun garinsu. Bayan yaƙin Filatiya na shekara ta 479 kafin haihuwar Annabi Isa, Fulutak ya ce an kashe wutar yankin domin Farisawa sun ƙazantar da ita, aka ɗebo sabuwa daga Dalfi. Vernant bai jahilci irin waɗannan al'adu ba, ya ma tattauna waɗansu, sai dai tsarinsa na kishiyoyi biyu ya kan sa mai karatu ya ba Hamis dukan mu'amala da na waje, ya bar wa Hestiya kulle kaɗai.

A ganinmu murhu ya tsaya wuri guda ne domin a sami inda za a mai da bare ɗan gida. Saboda haka malamin da ya auna darajar allolin Yunanawa da yawan tatsuniyoyinsu zai sa Hestiya a ƙarshe, wanda kuwa ya auna da ibadar yau da kullum zai tarar masu ita da ita su ke farawa. Ma'auni na biyun shi ya fi dacewa da aji.