Fi'ilin "Differ" na Turanci: Tsakanin Bambanci da Saɓani

A cikin kalmomin Turanci da ake koya wa ɗalibai a kwalejojin horon malamai akwai wani fi'ili wanda aka saba yi wa fassarar gaggawa, watau "differ". Akan rubuta shi a allo, a sa "bambanta" a gabansa, a wuce. Wannan fassara rabin ma'anar kawai ta kamo, rabin da aka bari kuwa shi ke jefa ɗalibi cikin kuskure.

Asalin kalmar daga Latin ne, "differre", haɗin gaɓa biyu: ta fari tana nufin rarrabuwa, ta biyu tana nufin ɗauka. Ta shiga Turanci ta hanyar Faransanci a ƙarni na 14. Yau tana ɗauke da ma'ana biyu. Ɗaya ita ce rashin kama, kamar yadda gero bai yi kama da dawa ba. Ɗayar ita ce rashin jituwar ra'ayi, kamar yadda malamai biyu kan rabu a kan mas'ala guda.

Bature yakan rarrabe ma'anonin nan da harafin da ya biyo bayan fi'ilin. In ya ce "Audu differs from his brother", galibi yana nufin halittarsu ko halinsu ba ɗaya ba ne. In ya ce "Audu differs with his brother", to, ra'ayinsu ne ya rabu. Akan ji "from" wani lokaci a wajen ra'ayi ma, amma ba a amfani da "with" a wajen rashin kama.

Bahaushe kuwa a cikin fi'ilin kansa yake rarrabewa, harafin ba ya sakewa. Yakan ce Audu ya bambanta da wansa, ya kuma ce Audu ya saɓa da wansa. "Da" ɗin nan ɗaya ne a duka biyun. To, tun yana aji na fari an koya wa yaro cewa "da" ita ce "with". Saboda haka in ya so ya ce shugaban makaranta ya bambanta da mataimakinsa wajen haƙuri, sai ya rubuta "differs with", ya ƙulla saɓani tsakanin mutum biyu da ke zaune lafiya. A littafin aji wannan jan biro kawai zai jawo. A rahoton aiki ko a bakin tafinta a gaban alƙali, mutuncin wani ne ke iya taɓuwa.

Akwai wani tarko kuma. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti, don haka "bambanta" a takarda fi'ili biyu ne. Ɗaya yana faɗa wa abu, kamar "ya bambanta tagwayen". Ɗayan ba ya faɗa wa kome, kamar "tagwayen sun bambanta". A tsarin da F. W. Parsons ya fitar a 1960, na farin yana aji na 1, na biyun yana aji na 3. Da na biyun kaɗai "differ" ya dace, gama ba ya karɓar abin faɗawa. Na farin sai "distinguish". Ɗalibin da aka ba kalma ɗaya ba tare da jumla ba, ina zai san haka?

Har wa yau, a wajen ra'ayi "differ" kalma ce mai ladabi, ba ta kai faɗa ko gardama zafi ba. Shi ya sa "saɓa" ta fi kome dacewa da ita, tun da Hausawa sun ce tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa.

Abin da ya kamata malami ya yi ke nan: kada ya ba da fi'ilin nan shi kaɗai. Ya ba da shi tare da harafinsa, cikin cikakkiyar jumla, ya sa "bambanta" a gaban ɗaya, "saɓa" a gaban ɗayan, sa'an nan ya sa ɗalibai su juya jumlolin daga Hausa zuwa Turanci, domin ta wannan fuska ne kuskuren ke ɓullowa.