Ƙyallin Waje da Dattin Ciki: Nazari Kan Wankin Kayan Jan Ƙarfe

Alhazan Gummi da Anka da ke dawowa da turaren wardi na Ɗa'ifa, kaɗan ne cikinsu suka san daga tukunyar jan ƙarfe ya fito. Ana zuba fure da ruwa a tukunyar, a rufe ta ruf, a hura wuta. Tururi ya bi ta bututu, ya ratsa ruwan sanyi, ya ɗiga a kwalba. Haka ake yi a Kannauj ta Indiya, inda har yau da laka ake liƙe bakin tukunyar. Sana'ar tsohuwa ce, domin tun ƙarni na 9 Alkindi ya rubuta littafi a kan tatsar turare a Bagadaza. 

An zaɓi jan ƙarfe ne don yana rarraba zafi daidai, kuma yana kama warin kibiritu da ke cikin tururi. Wannan kamun shi ke sa cikin bututu ya yi baƙi. In kuma aka ajiye shi da laima, sai wata koriyar tsatsa ta fito, wadda guba ce. Saboda haka mai tukunyar ya fi damuwa da inda ido ba ya kai wa. Yakan wanke ciki da ruwa mai tsami, ya ɗauraye, ya tafasa zallan ruwa tururi ya bi bututun, sannan ya bar komai a buɗe ya bushe ƙarau.

Mu ma muna da namu ilimin. Ku dubi tsohuwa ta ɗauko tasa ko butar tagulla, irin wadda maƙeran Bida suka shahara da ita. Za ta jiƙa tsamiya, ta haɗa da toka, ta yi ta dirza da tsumma har baƙin ya fita, ja ya bayyana, ta kife a rana. Wata lemun tsami da gishiri take sawa. Dabarar daidai ce, kuma ba a makaranta ta koya ba. Inda nake da ja shi ne manufar wankin. Kayan jere ne, na ɗakin amarya, aikinsu su ɗauki ido, don haka ƙyalli ya zama ma'aunin tsabta. Ana goge bayan buta kamar madubi, bakinta da wuyanta kuwa ko oho. Ga shi tsamin da ke cire baƙin nan bai san wanki da abinci ba. Kunun tsamiya ko zoɓo ko nono in ya kwana a kwanon jan ƙarfe, zai ci ƙarfen ya shiga cikin mai sha. Abin da ya sa ake shafe cikin irin waɗannan kwanuka da kuza ke nan, sai kuma a zo da soson ƙarfe a kankare kuzar da sunan tsabta. Mafi muni, in buta ta fashe aka kai gyara, mai liƙi yakan yi amfani da haɗin da ke da dalma.

Mutanen yammacin Zamfara ba sa bukatar a yi musu bayanin dalma. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano yara na mutuwa a Dareta da Abare da Sunke a ƙasar Anka, da 'Yar Galma da Tungar Guru a Bukkuyum. Sama da yara 400 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Ba kwanuka ne sanadi ba, dutsen zinariya ne mai dalma da ake dakawa ana shanyawa a tsakar gida, wani lokaci a turmin da ake daka hatsi. Gidajen a share suke, turamen a wanke. Sai da aka kankare ƙasar gidajen aka zuba sabuwa, garin Bagega ma sai a 2013 aka kai gare shi.

A wuraren haƙar nan ne kuma ake da bukatar tukunyar tururi ta gaske. Masu wanke zinariya suna kama ta da zaiba, sannan su ƙona dunƙulen a fili, zaibar ta tashi kowa ya shaƙa. Akwai 'yar na'ura mai bututu da ke kama tururin ta mayar da zaibar ruwa, a sake aiki da ita. Sai dai da baƙin ƙarfe ake yin ta, domin zaiba na cin jan ƙarfe, kuma ba a buɗe ta sai ta huce, ba a shiga da ita gida. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Minamata ta rage amfani da zaiba a 2018.

Iyaye mata, duk kwanon da kuka ga kore a cikinsa, ko wanda aka liƙe ba ku san da me ba, ku mayar da shi jere, kada ya sake ganin kunu.