Hujjoji uku na masu ƙin canji: sharhi a kan wani littafin Albert Hirschman

1. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa koyar da fassara daga faransanci zuwa hausa ya san wahalar kalmomin nan biyu, conservateur da réactionnaire. Gidajen rediyo sun saba da «masu ra'ayin riƙau» da «ƴan mazan jiya», suna musanya su yadda suka ga dama, ko ana zancen wata jam'iyyar Ingila ne ko kuwa malaman Iran. Wannan matsala ita ta mai da mu ga littafin Albert Hirschman (1915-2012), masanin tattalin arziki haifaffen Jamus wanda ya yi yawancin aikinsa a Amurka. Littafin ya fito da ingilishi cikin 1991, aka fassara shi da faransanci a shekarar da sunan Deux siècles de rhétorique réactionnaire. Ko da yake marubucin ba masanin harshe ba ne, abin da ya nazarta namu ne: yadda ake gina hujja. Cikin wannan muƙala za mu nuna cewa ya gano fasalin hujjojin daidai, amma ya saka mutane iri biyu cikin buhu ɗaya, ya kuma bar wata babbar hujja a waje.

2. Abin da littafin ya ƙunsa

Hirschman ya aro tsarinsa daga laccar da T. H. Marshall ya gabatar cikin 1949, wadda ta kasa ci gaban ƴancin ɗan ƙasa a Ingila kashi uku: ƴancin kai da daidaito gaban shari'a a ƙarni na 18, ƴancin jefa ƙuri'a a ƙarni na 19, da haƙƙin samun tallafin gwamnati a ƙarni na 20. Kowane mataki ya gamu da masu adawa, kuma a ganin marubucin hujjojinsu ba su wuce uku ba.

Ta farko ita ce hujjar kishiyar sakamako (effet pervers): gyaran da ake so zai haifi akasin abin da aka nufa. Edmund Burke, cikin littafinsa na 1790 a kan juyin juya halin Faransa, ya yi hasashen cewa neman ƴanci ta wannan hanya zai ƙare ga mulkin ƙarfi. An sake jin irinta a kan dokokin tallafa wa matalauta a Ingila kafin gyaran 1834, sa'an nan daga bakin Charles Murray a Amurka cikin 1984, wanda ya ce tallafin gwamnati ƙara talauci yake yi.

Ta biyu ita ce hujjar aikin banza (inanité): kome aka yi, tushen al'amari ba zai motsa ba. A nan ya kawo Tocqueville, wanda ya nuna cikin 1856 cewa tattara iko a hannun gwamnatin tsakiya ya soma tun zamanin sarakunan Faransa, juyin juya hali ya ci gaba da shi ne kawai. Ya kuma kawo Mosca da Pareto na Italiya, masu cewa ko an bai wa kowa ƙuri'a, ƴan tsiraru ne za su ci gaba da mulki.

Ta uku ita ce hujjar hasarar abin hannu (mise en péril): sabon gyara zai lalata wani alherin da aka riga aka samu da wahala. Robert Lowe ya yi amfani da ita a majalisar Ingila cikin 1866 don hana faɗaɗa ƙuri'a, Friedrich Hayek kuma cikin 1944 ya ce shirya tattalin arziki daga sama zai cinye ƴancin mutum.

3. Ƙarfin littafin

Amfanin wannan rabe-rabe ga ɗalibi a fili yake. Da zarar ya san fasalin ukun, zai riƙa gane su cikin jawabai da jaridu kamar yadda yake gane jimlar sharaɗi ko ta korewa. Marubucin ya kuma lura da abin da mai nazarin ma'ana zai yaba: hujja ta farko da ta biyu ba su jituwa. In gyara ba ya canza kome, ba zai iya haifar da akasi ba. In ya haifi akasi, ai ya canza wani abu. Amma duk da haka sau da yawa bakin mutum ɗaya yakan furta su tare. Haka kuma Hirschman ya yi adalci, domin wajen ƙarshen littafin ya juya kan masu neman canji, ya nuna su ma suna da nasu hujjojin da suka haddace: cewa duk gyare-gyare suna taimakon juna, cewa in ba a yi yanzu ba masifa za ta auku, cewa tarihi yana bayansu.

4. Inda muke da ja

Ja na farko ya shafi shekarun hujjojin. Sunan fassarar faransanci ya ba su ƙarni biyu, kamar an haife su ne a 1789. Bahaushe kuwa yana da karin magana ga kowacensu. Kishiyar sakamako ita ce «garin neman ƙiba an samo rama», ko «gyaran gangar Abzinawa». Aikin banza shi ne «an sake wa tuwo suna». Hasarar abin hannu ita ce «garin neman gira an rasa ido», ko sakin reshe a kama ganye. Waɗannan maganganu ba na wata jam'iyya ba ne. Uwa takan faɗa wa ɗanta su, ɗan ƙwadago ma yakan faɗa wa gwamnati su lokacin da take son sayar da kamfanonin ƙasa. Gaskiya ne marubucin ya ambaci tushensu cikin tatsuniyoyin Girka, amma bai bi wannan zaren har ƙarshe ba. In da ya bi, da ya ga cewa fasalin hujja ba ya nuna ɓangaren mai ita, balle ya nuna gaskiya ce ko ƙarya. Raymond Boudon ya rubuta littafi guda a kan kishiyar sakamako cikin 1977 a matsayin abin da ke aukuwa da gaske cikin al'umma. Shi ma Burke, bayan shekara tara da littafinsa, wani janar ya ƙwace mulki a Faransa.

Ja na biyu ya shafi kalmomin da muka fara da su. Réactionnaire ta shiga siyasar Faransa bayan faɗuwar Robespierre cikin 1794. Conservateur kuwa ta yaɗu da jaridar da Chateaubriand da abokansa suka kafa cikin 1818. Hirschman ya ce yana amfani da ta farko ba da nufin zagi ba, sai ya jera Burke da Joseph de Maistre a layi ɗaya. Alhali de Maistre, tun littafinsa na 1797, so yake a komo da sarautar da aka tuɓe. Burke kuwa ya goyi bayan sulhu da mazauna Amurka cikin 1775, ya shafe shekaru yana tuhumar Warren Hastings a kan zaluncin da aka yi a Indiya, kuma ya yarda cewa ƙasar da ba ta iya gyara kanta ba za ta ɗore ba. Wannan aƙida ta «gyara don a riƙe» ba ta da gurbi cikin rukunan uku. Ita ce ta sa gwamnatin Derby da Disraeli ta zartar da dokar 1867 wadda ta kusan ninka yawan masu ƙuri'a a Ingila. Ita ce kuma ta sa Bismarck, bayan ya haramta ƙungiyoyin ƴan gurguzu cikin 1878, ya kafa inshorar rashin lafiya (1883), ta haɗarin aiki (1884) da ta tsufa (1889), domin ya raba ma'aikata da ƴan gurguzu. Tallafin gwamnati, wanda littafin ya ɗauka a matsayin abin da masu riƙau ke yaƙa, ɗaya daga cikinsu ne ya aza harsashinsa a Jamus.

Ja na uku shi ne mafi nauyi. Hujjojin ukun duka a kan sakamako suke magana: in ka yi kaza, kaza zai biyo baya. Mai furta su yana nuna kamar ya yarda da manufar, hanya ce kawai yake suka. Amma akwai mai cewa manufar kanta ba ta halatta ba, kome kyan sakamakonta, saboda ta saɓa wa umarnin Allah ko tsarin da aka gada. De Maistre, cikin littafinsa na 1819 a kan Paparoma, a nan ya tsaya. Mu ma a Nijar mun san wannan hujja. Daftarin kundin iyali da aka tattauna bayan Taron Ƙasa na 1991 bai zama doka ba saboda adawar ƙungiyoyin addinin Musulunci, kuma majalisar dokoki ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo a kan haƙƙin mata cikin 2006. Jigon adawar shi ne cewa rabon gado da hukuncin aure ba na majalisa ba ne ta taɓa su. Ɗalibin da ya zo da ma'aunin Hirschman kaɗai ba zai ga wannan ba, ko kuwa ya tilasta shi cikin rukunin da ba nasa ba. Wanda kuma yake son ya tattauna da masu wannan ra'ayi, in ya tsaya kawo lissafin sakamako, magana yake yi da wanda bai tambaye shi ba.

5. Kammalawa

Littafin ya cancanci a karanta shi a ajin nazarin zance, da sharaɗin a sanar da ɗalibi iyakarsa: ya bayyana yadda ake adawa da canji a ƙasashen da ci gaba ya zama abin da ba a iya suka a fili, watau Turai ta yamma da Amurka. Ga masu fassara kuma muna ba da shawara a raba kalmomin nan biyu. A bar «ra'ayin riƙau» ga mai son riƙe abin da ke hannu, ko da ta hanyar gyara shi, irin Burke da Disraeli. A bar «ƴan mazan jiya» ga mai son komawa ga abin da ya riga ya wuce, irin de Maistre. Hausa tana da kalmomin biyu tun tuni, kuma mai sauraro yana da haƙƙin ya san wane ne daga cikin biyun ake ba shi labarinsa.