Mai Riƙe da Makirfo Shi ne Manazarcin Farko: Sharhi a kan Koyon Ɗaukar Sauti a Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk nazarin da ake yi a kan waƙar baka ko tarihin baka yana farawa ne daga abin da na'ura ta kama. Tun daga kundin Ɗandatti Abdulƙadir na 1975 a kan Mamman Shata har zuwa littafin Sa'idu Muhammad Gusau na 1993, Jagoran Nazarin Waƙar Baka, an shimfiɗa mana hanyoyin feɗe waƙa, wato turke da zubi da tsari da salo da rauji da sauransu. Sai dai akwai mataki guda da ya riga waɗannan duka, wanda ba kasafai muke ware masa darasi ba. Wannan mataki shi ne lokacin da wani ya tsaya gaban makaɗi ko dattijo da makirfo a hannu, ya zaɓi inda zai tsaya, da abin da zai ɗauka, da inda zai katse.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa mai ɗaukar sauti ya riga ya yi wa waƙa sharhi tun kafin ta iso teburinmu, don haka manazarcin da bai san tushen wannan sana'a ba yana iya jingina wa mawaƙi abin da aikin na'ura ne. Za mu dubi ayyuka uku da aka ɗauka ta hanyoyi uku, sannan mu kawo abin da suka koya mana ga ɗalibin da za a tura bincike wani gari kamar Maijirgi.

2.0 Hanyoyi Uku na Koyo da Ɗauka

2.1 Makarantar rediyo da faifan Ocora

Hanya ta farko ita ce ta makaranta. A 1955 Pierre Schaeffer ya buɗe wa hukumar SORAFOM sutudiyon koyarwa a Maisons-Laffitte, kusa da Paris, don horar da ma'aikatan gidajen rediyon Afirka. A ƙarƙashin wannan hukuma aka buɗe Rediyon Nijar a 1958, kuma ita ce ta koma OCORA a 1962. Daga wannan gida faifan Niger: la musique des griots ya fito, wanda Tolia Nikiprowetzky ya ɗauka a 1963.

Ba za a raina irin wannan aiki ba, domin ya adana mana muryoyin da masu su suka daɗe da riga mu gidan gaskiya. Amma fuskar faifai ɗaya ba ta wuce wajen minti ashirin ba, kuma ana so a jera makaɗa da yawa a cikinta, saboda haka guntaye ake sawa. Waƙar fada kuwa ba gindinta kaɗai ba ce. Jagora yakan daɗe yana jero ɗiya kafin ya kai ga zambo da habaici, kuma halin da ya tarar a fada shi ke tsawaita waƙar ko ya gajarta ta. Wanda ya yanke minti uku daga cikinta ya riga ya yanke hukunci a kan abin da yake ganin shi ne waƙar. Ɗalibin da ya auna zubi da tsarin waƙar fada daga irin wannan guntu, zubin faifai ya auna.

2.2 Koyo a fage: Moussa Hamidou

Hanya ta biyu ita ce ta bin maigida, kamar yadda ɗan maƙeri ke koyon ƙira a bakin zuga. Misalinta a Nijar shi ne Moussa Hamidou, wanda ya shafe shekaru yana ɗaukar wa Jean Rouch sauti. Abin da ya sauƙaƙa irin aikinsu shi ne rikodar Nagra ta Stefan Kudelski, wadda samfurinta na uku ya fito a 1958, ana rataya ta a kafaɗa, tana aiki da batir.

Fim ɗin Tourou et Bitti, da aka ɗauka a Simiri ta ƙasar Zarmaganda a 1971, ya isa abin nazari. Kusan dukkansa ɗauka ɗaya ce ta wajen minti goma ba yankewa, mai kyamara yana tafiya, mai sauti yana biye da shi har tsakiyar fagen masu kiɗan iskoki. A irin wannan hali ba a cewa a sake. Duk takun da mai sauti ya yi zaɓi ne: in ya matsa ga ganga, ta danne goge, in ya ja baya, hayaniyar ƴan kallo ta shigo. Abin da ya ba wannan aiki daraja a wurinmu shi ne mai sauraro yana jin fagen kansa, yana jin nesa da kusa, yana jin lokacin da kiɗa ya lafa da lokacin da ya sake tashi. Rauninsa kuwa shi ne iliminsa yana cikin kunnen mutum ɗaya, ba a rubuce yake ba, kuma in ba a sami magaji ba yakan tafi da mai shi.

2.3 Sutudiyon fiyano da kwamfuta

Hanya ta uku ita ce ta mamaye ƙasar Hausa daga ƙarshen shekarun 1990, lokacin da masu finafinan Kano suka rungumi fiyanon Yamaha samfurin PSR, wanda ke kwaikwayon sautin kayan kiɗa iri-iri. Daga baya kwamfuta ta shigo da manhajar Auto-Tune, wadda kamfanin Antares ya fitar a 1997. A nan yaro yakan koyi aiki ne ta zama kusa da mai sutudiyo da kallon allo. Ana fara ɗora kiɗa, mawaƙi ya shiga ɗaki ya rera nasa, ƴan amshi su zo daga baya, sannan a haɗa.

Ƙarfin hatimin wannan sutudiyo ya fito fili a aikin Mdou Moctar, mawaƙin Abzinawa. Kundinsa Anar, da aka ɗauka a Sakkwato a 2008, ya fito da muryar da aka gyara da kiɗan inji irin na waƙoƙin finafinan Hausa, har ya yaɗu daga salula zuwa salula. Afelan na 2013, wanda aka ɗauka kai tsaye a Cintabaradan, wani amo ne daban ƙwarai. Mawaƙi ɗaya ne, masu ɗauka ne suka bambanta.

Ba muna cewa wannan salo ɓarna ba ne. Ya riga ya zama nau'in waƙa mai masoya da ƙa'idojinsa, kuma ya cancanci nazari. Abin lura shi ne abubuwa biyu da yake canzawa. Na farko, karɓeɓeniya tsakanin jagora da ƴan amshi, inda amshi ke shigowa tun jagora bai dire ba, ta koma abin da ake jerawa a allo. Na biyu, manhajar tana jan murya zuwa matakin sauti mafi kusa, kuma in aka tsananta ta, gangarowar murya sai ta koma tsalle daga mataki zuwa mataki. Hausa kuwa harshe ne mai karin sauti: kuka na hawaye da kuka ta miya kari ne ya raba su, kuma kalmomi irin su rai da mai na girki suna da kari mai faɗuwa. A 1972 Paul Richards ya auna dangantakar karin harshe da rauji a cikin wata waƙar Hausa. Wanda zai maimaita irin wannan awo a kan waƙar sutudiyo ba tare da sanin abin da aka yi wa muryar ba, manhaja zai auna ya ce Bahaushe ne.

3.0 Abin da Ɗalibi Zai Tafi da Shi Maijirgi

Maijirgi tana gabas da Tasawa a kan babbar hanyar Damagaram. A nan ne kaburburan Voulet da Chanoine suke, hafsoshin Faransa da sojojinsu suka kashe a watan Yuli na 1899, bayan ɓarnar da ayarinsu ya yi a garuruwan Hausa. Abin da mutanen ƙasar Tasawa da Mayahi suka riƙe game da wannan zamani, da kirarin sarakuna da waƙoƙin noma da na daka, yawancinsa yana bakin tsofaffi. Dattijo mai shekara tamanin ba lalle a same shi karo na biyu ba. Ga kaɗan daga abin da muke ganin wajibi ne ɗalibi ya sani kafin ya zauna gabansa.

Na ɗaya, nisa. A fili, duk lokacin da aka ninka tazarar da ke tsakanin baki da makirfo, ƙarfin sauti yana raguwa da desibel 6, alhali kukan jaki da ƙarar babur da injin niƙa suna nan yadda suke. Rikodar da aka ajiye can ƙarshen tabarma don kunya ta fi kama unguwa bisa ga mai magana. A nemi izini a matso da ita kamar taƙi ɗaya ko biyu daga bakinsa.

Na biyu, ma'aunin shiga. Na'urar zamani tana da rufi, kuma sautin da ya buge shi ya fashe ke nan, ba gyara. Kalangu da ganga suna dukan farat ɗaya, don haka a sa makaɗi ya gwada mafi ƙarfin dukansa, a bar sarari kamar desibel 12 ƙasa da rufin. A kuma kashe abin nan da ke daidaita ƙarfi da kansa, wanda salula da ƙananan rikodoji ke zuwa da shi, domin da ganga ta buga sai ya sauke komai har muryar mawaƙi ta nutse, da an yi shiru kuma ya ɗago hayaniya.

Na uku, wuri. Iskar hunturu tana shiga makirfo da ruri, sai an sa masa rigar soso ko ta gashi. Ɗakin siminti mai rufin kwano yana mayar da amsa-kuwwa, wadda ke cakuɗa ƙarshen kalma da farkon ta gaba, har tsawon wasalin da ya raba gari na zama da gari na tuwo ya dushe. Ɗakin ƙasa mai tabarmi da labule, ko inuwar da katanga ta kare daga iska, sun fi.

Na huɗu, ma'aji. Kunnen ɗan Adam yana jin kaɗawar sauti daga 20 zuwa wajen 20,000 a daƙiƙa, layin tarho na gargajiya kuwa daga 300 zuwa 3,400 kawai yake wucewa da shi. Saƙon murya na WhatsApp da fayil ɗin MP3 suna zubar da wani ɓangare na sauti don su rage nauyi. Kunne yakan cike giɓin, amma mai nazarin furuci da zai bambance ƙafa da kafa, ko hwari da fari, a manhajar Praat, yana bukatar sautin cikakke. Ƙungiyar ma'adanan sauti ta duniya, IASA, ta ba da shawarar fayil ɗin WAV mai awo 48,000 a daƙiƙa da bit 24 a matsayin mafi ƙaranci. A ajiye asali ba tare da taɓawa ba, a yi aiki da kwafi.

Na biyar, saurare. Kada a ɗauki komai ba tare da abin saurare a kunne ba, domin abin da makirfo ke ji daban yake da abin da mai zaune ke ji. A farkon kowace ɗauka a faɗi rana da gari da sunan mai magana da yardarsa, sannan a bar waƙa ta kai inda mai ita ya dire ta, har da guɗa da kirarin maroƙa da ke biyo baya.

4.0 Kammalawa

Mun ga cewa faifai ya yanke waƙa, fage ya adana ta amma bai rubuta iliminsa ba, sutudiyo kuma ya sake mata murya. A Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM Alhaji Taya, da aka buɗe a 1989, da makarantar horar da ma'aikatan watsa labarai wadda a da ake kira IFTIC, da cibiyar CELHTO wadda tun 1968 aka kafa ta don tattara tarihin baka. Ke nan masu sanin na'ura suna nan, masu sanin harshe ma suna nan, abin da ya rage shi ne su haɗu a aji ɗaya. Shawararmu biyu ce. Ta farko, kowane ɗalibin harshe da adabi ya sami horo a aikace kan ɗaukar sauti kafin a sa masa hannu ya fita bincike. Ta biyu, duk kundin da ya dogara da waƙa ko hira ya bayyana wanda ya ɗauka, da irin na'urar, da wurin, da gyaran da aka yi wa sautin, kamar yadda muke tilasta a faɗi bugun littafi da shafinsa. Sai da wannan bayani mai karatu zai iya rarrabe abin da makaɗi ya yi da abin da mai makirfo ya yi masa.